Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Ba Watanmu Aka Harba Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka tsakura mini fili in yi gyara a kan wani ɗan labari da kuka buga a shafin labaran ƙetare. Labarin ya ce Turawa sun aika kumbo ya je ya duba ɓarnar da Amurkawa suka yi sa'ad da suka harbi wata. 'Yan layuka ne, amma sun tayar da ƙura a majalisar da muke zama bayan la'asar. Wani dattijo, wanda ba a yi masa musu saboda furfurarsa, ya yanke hukunci cewa tun daga wannan harbin ne ganin watan azumi ya rikice. Wani matashi kuma ya nuna mana hoton wata da ƙaton rami a jikinsa, wai an turo masa ta WhatsApp. Ni tsohon malamin fiziks ne a makarantar sakandare, na ajiye alli tuni, amma irin wannan magana ba ta barina in yi shiru.

Ranka ya daɗe, watanmu yana nan ƙalau, gwajin nan ko kusa da shi bai je ba. Saɓanin ganin wata kuwa ya girmi NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka da ta yi harbin, nesa ba kusa ba. Faɗin watanmu ya kai kilomita 3,474. Abin da aka harba ɗan dutse ne da faɗinsa bai wuce mita 160 ba, sunansa Dimorphos, kuma a ranar da aka buge shi yana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 11. An kira shi wata ne saboda yana kewaya wani dutsen da ya fi shi girma, mai suna Didymos, mai faɗin kusan mita 780. A wurin masu ilimin falaki, duk abin da Allah Ya halitta yana kewaya wani abu da ba tauraro ba, to wata ne, ko da bai kai girman Dutsen Dala ba.

Su waɗannan duwatsu, saura ne na kayan da aka gina duniyoyi da su. Mafi yawansu suna kewaya rana ne a tsakanin duniyar Mars da duniyar Jupita, wasu kuma hanyarsu takan ratso kusa da tamu. An gano na farko a 1801, aka shafe kusan shekara ɗari biyu ba wanda ya tabbatar da cewa wani daga cikinsu yana da wata nasa na kansa. Akan yi zargi, akan yi musu. Sai a ranar 28 ga Agusta 1993 kumbon Galileo, a kan hanyarsa ta zuwa Jupita, ya gifta ta gefen wani dutse mai suna Ida, ya ɗauki hotuna. Babbar eriyar kumbon ta ƙi buɗewa tun farkon tafiya, don haka hotunan suka riƙa zuwa a hankali, ɗigo-ɗigo, ta ƙaramar eriya. Sai a watan Fabrairu na 1994 wata ma'aikaciya mai suna Ann Harch ta lura da wani abu a gefe. Na sha nuna wa ɗalibaina wannan hoto. Ida na nan a gefe ɗaya, dogo, toka-toka, jikinsa duk tabon karo, tsawonsa kusan kilomita 60. Can a ɗaya gefen, cikin baƙin sarari, ga wani ɗan ɗigo fari wanda idan ba a nuna maka ba za ka ɗauka datti ne a takardar. Wannan ɗigo shi ne Dactyl, faɗinsa kilomita ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, kuma shi ne watan dutse na farko da ɗan Adam ya gani ido da ido. Yau an san ɗaruruwa.

Mai karatu zai ce, to sai me? Dutse ya kewaya dutse, ina ruwanmu? Nan ne nake so ka ba ni aron kunne, domin abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Dutsen da ke shawagi shi kaɗai a sarari, da wuya ƙwarai a san nauyinsa daga nan. Ana iya ƙiyasta girmansa daga haskensa, amma ko dunƙulallen ƙarfe ne, ko tarin tsakuwa ne mai rami-rami a ciki, ba a sani ba. Da zarar an ga yana da wata, lissafi ya samu. A auna nisan da ke tsakaninsu, a ƙirga awa nawa ƙaramin yake ɗauka kafin ya zagayo, sai a saka cikin ƙa'idar da Kepler ya fitar a 1619, wadda Newton ya zo ya kammala. Idan babban yana da nauyi sosai, jansa yana da ƙarfi, ƙaramin zai zagaya da sauri. Idan ba shi da nauyi, zai zagaya a sanyaye. Wato ɗan watan nan shi ne sikelin da ake ɗora babban a kai, kamar yadda mai sayen gyaɗa ba ya yarda da cikar buhu sai ya ga abin da allura ta nuna. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida na sakandare ba. Na sha ba da shi a jarrabawar gwaji, kuma masu ƙoƙari sukan ci.

Dubi abin da ya faru da Pluto, wanda a da ake ƙirga shi duniya ta tara a cikin masu kewaya rana. Tun da aka gano shi a 1930 ake ta cinta-cinta a kan nauyinsa, har akwai lokacin da aka ɗauka ya kai nauyin duniyarmu. A 1978 wani masani mai suna James Christy yana duba hotunan Pluto, sai ya ga ɗan ƙulu a gefen ɗigon, yau yana wannan ɓangare, bayan 'yan kwanaki ya koma wancan. Da a ce mai gaggawa ne da ya ce hoton ne ya lalace. Ya bi tsofaffin hotuna ya ga ƙulun yana komawa wurinsa duk bayan kwana shida da 'yan awoyi. Wata ne, aka sa masa suna Charon. Da aka yi lissafi sai ga shi sai an tara Pluto kusan ɗari biyar kafin su kai nauyin duniyarmu. Charon kuwa faɗinsa ya kai rabin na Pluto, kilomita 1,212 a kan 2,377, har ya zamana ba a ce ɗaya ke kewaya ɗaya kai tsaye ba, su biyun suna kewaya wani wuri ne da ke fili a tsakaninsu. Daga baya aka ƙara gano wasu ƙanana huɗu. Haka nan aka yi da Eris, wadda aka gano a 2005 can bayan Pluto. Watanta Dysnomia ne ya nuna ta fi Pluto nauyi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Gano Eris ɗin ne ya jawo taron masana na birnin Prag a 2006 ya cire Pluto daga jerin manyan duniyoyi, abin da ya sa littattafan da muka koyar da su suka tsufa rana ɗaya. Har yau akwai tsofaffin ɗalibaina da ke tare ni a kasuwa suna cewa, Malam, tara ka koya mana. Nakan ce da su a lokacin tara ɗin ne.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Eugenia, dutse mai faɗin kusan kilomita 200. A 1998 aka gano watansa da babban madubin hangen nesa da ke kan tsaunin Mauna Kea a Hawai, karo na farko da aka yi irin wannan daga doron ƙasa. Da aka yi awon farko, sai ya zamana nauyinsa bai fi na ruwa mai girma daidai da shi ba sai da kaɗan, alhali dutse na sosai yakan ninka ruwa kusan sau uku. Ke nan ko dai cikinsa kogo-kogo ne, ko akwai ƙanƙara, ko duka biyun. Da yawa daga cikin abubuwan da muke kira duwatsu tarin tsakuwa ne da manyan ɓaraguzai da ɗan jan da ke tsakaninsu ya riƙe wuri ɗaya. Wannan ba ƙaramin sani ba ne ga wanda wata rana zai so ya ture ɗaya daga hanya.

Wasu ma ba wata ɗaya gare su ba. Sylvia tana da biyu, Kleopatra biyu, Elektra uku. Florence, wanda ya wuce ta kusa da mu a Satumban 2017, na'urar rada ta nuna yana tafe da 'yan rakiya biyu. A cikin duwatsun da ke ratsowa kusa da duniya, masu faɗin mita 200 zuwa sama, kusan kashi 15 cikin ɗari suna da wata.

Daga ina suke samun su? Manyan, galibi karo ne: wani ya bugi wani, ɓaraguzai suka tashi, wasu suka taru suka zauna suna kewayawa. Na ƙananan ne ya fi daɗin ji, domin hasken rana ne ke haifar da su. Rana takan dumama gefen dutse, gefen ya fitar da zafin, kuma fitar zafin nan tana da ɗan turi wanda bai kai a kira shi turi ba. Tun da dutsen ba mulmulalle ba ne, turin ba ya daidaita, sai ya riƙa ƙara masa saurin juyawa kaɗan-kaɗan cikin dubban dubban shekaru. Idan juyin ya kai kusan sau ɗaya cikin awa biyu da 'yan mintoci, tsakuwar da ke jikinsa takan gangaro ta taru a ƙugunsa, daga nan ta fara tashi. Abin da ya tashi shi ke haɗuwa ya zama wata. Didymos yana juyawa sau ɗaya cikin awa biyu da kusan kwata, wato yana bakin wannan iyaka.

A ranar 1 ga Nuwamba 2023 kumbon Lucy ya gifta ta gefen wani ɗan dutse mai suna Dinkinesh don kawai a gwada na'urorinsa. Hoton farko ya nuna wata yana leƙowa ta bayansa. Da kumbon ya ƙara gaba ya waiwayo, sai aka ga watan ba ɗaya ba ne, dunƙule biyu ne manne da juna, kowanne faɗin mita ɗari biyu da ɗoriya. Ba a taɓa ganin irinsa yana kewaya wani dutse ba. Aka sa masa suna Selam. Sunayen biyu, Dinkinesh da Selam, daga Habasha suka fito, na tsofaffin ƙasusuwan wasu halittu masu kama da mutum ne da aka tono a yankin Afar, ɗaya a 1974, ɗaya a 2000.

Yanzu mu dawo kan harbin. Kumbon sunansa DART, ya tashi a Nuwamban 2021, nauyinsa wajen kilo 600 ne, kuma ba bam a cikinsa, ba harsashi. Shi kansa ne harsashin. Ranar 26 ga Satumba 2022 ya afka wa Dimorphos da gudun kusan kilomita 22,000 a awa ɗaya. Duk wanda ya kalli hotunan ƙarshe ba zai manta ba. Da farko ɗigo, sai ya zama kamar ƙwai mai toka, sai manyan duwatsu suka cika fuskar allo har kana iya bambance inuwar kowanne, sai hoto na ƙarshe ya zo guntu, ɗan siririn layi a sama, sauran babu, domin kumbon ya tarwatse kafin ya gama aikowa. Wani ɗan ƙaramin kumbo na Italiya da ke biye da shi ya ɗauki hoton ƙurar da ta tashi, haka ma madubin hangen nesa da ke Afirka ta Kudu.

Me ya sa aka zaɓi wata, ba a bugi dutsen da ke tafiya shi kaɗai ba? Saboda aunawa. Bugun ya canza gudun Dimorphos da abin da bai kai milimita uku a daƙiƙa ba. Idan da dutse ne mai kewaya rana cikin shekara biyu, kafin a tabbatar da wannan ɗan canji sai an sha jira. Amma Dimorphos yana zagaya Didymos ne cikin awa 11 da minti 55, kuma duk zagaye yakan gifta ta gabansa da bayansa, hasken da ke iso mana ya ɗan ragu. Masu madubi a ƙasa suna riƙe da agogo. Bayan bugun sai zagayen ya koma awa 11 da minti 23. An ce ko daƙiƙa 73 aka samu an yi nasara, sai ga fiye da rabin awa. Dalili kuwa shi ne ɓaraguzan da suka yi tsalle suka fita, fiye da kilo miliyan ɗaya, su ma sun tura dutsen baya, har turinsu ya fi na kumbon kansa. Ƙurar ta ja wutsiya mai tsawon fiye da kilomita 10,000. Kuma an zaɓi waɗannan biyun ne saboda ba sa kan hanyar faɗo mana, ko kafin bugun ko bayansa.

Kumbon Turawa da labarinku ya ambata shi ne Hera, na hukumar sararin samaniya ta Turai. Ya tashi ranar 7 ga Oktoba 2024, an tsara ya isa a ƙarshen 2026. Aikinsa ya auna nauyin Dimorphos daidai, ya ga ko rami bugun ya bari ko kuwa siffar dutsen gaba ɗaya ya sauya.

A majalisarmu an tambaye ni, fiye da dala miliyan 300 a kan jifan dutse, alhali mutane na kwana da yunwa? Tambaya ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amsata ita ce dutse ba ya tambayar fasfo. Ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin ƙasar Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. Daga baya bincike ya nuna ɓallen duniyar Mars ne. A Oktoban 2008 wani mai faɗin 'yan mitoci ya fashe a saman hamadar arewacin Sudan, kuma shi ne na farko da aka hango tun kafin ya iso, da tazarar ƙasa da kwana ɗaya. A Fabrairun 2013 wani mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha, mutum kusan 1,500 suka ji rauni, galibi daga gilasan tagogi. Wannan mita 20 ke nan. Mai girman Dimorphos zai iya shafe babban birni da kewayensa. Idan masu kuɗi sun kashe kuɗinsu wajen koyon yadda za a kauce wa wannan, ni ban ga laifinsu ba, sun sha kashe ninkinsa a kan abin da ya fi wannan muni. Ajali na hannun Allah, amma ba a hana mu ɗaure raƙumi ba.

Sai dai ina jan hankalin 'yan jarida a kan kanun tsoratarwa. A farkon 2025, da aka ce dutsen 2024 YR4 yana iya faɗo mana a 2032, yiwuwar ta kai kashi uku cikin ɗari, kowa ya buga da manyan baƙaƙe. Da aka ƙara auna hanyarsa aka ga ba zai same mu ba, kaɗan ne suka koma suka gaya wa masu karatu. Haka ake barin mutane da tsoro a ciki, daga nan masu hotunan ƙarya su samu kasuwa.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ba duka watannin nan ake ganowa da kumbo ko madubin biliyoyin kuɗi ba. Idan dutse ya gifta ta gaban wani tauraro mai nisa, inuwarsa takan ratsa doron ƙasa a siririn layi. Sai a jera mutane da ƙananan madubai, irin waɗanda ake ɗorawa a bayan mota, kowane rukuni da tazarar kilomita ɗaya ko biyu daga na kusa da shi, kowa da kyamara da agogo mai bin tauraron ɗan Adam. Tauraron zai ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya dawo. Idan aka haɗa lokutan kowa, sai siffar dutsen ta fito. A Maris na 2022 aka yi wa wani dutse mai suna Polymele haka a Amurka. Rukuni biyu suka ga tauraron ya ɗauke a inda bai kamata ba, nesa da dutsen da kusan kilomita 200. Ashe wata ne mai faɗin kusan kilomita biyar.

Maƙwabtanmu na Senegal sun shiga irin wannan aiki tare da NASA a 2018, da 2020, da 2021. 'Yan ƙasar suka koyi sarrafa madubai suka fita daji cikin dare, kuma masanin da ya jagorance su, Maram Kaire, yau akwai dutse a sama mai ɗauke da sunansa. Me Senegal ta fi mu? Daga ƙarshen damina zuwa kafin hazon hunturu ya sauko, sararin Katsina da Damagaram da Agadas garau yake, ga duhu na gaske da zarar ka bar gari. Mu mutane ne da muka saba fita duban jinjirin wata kowane ƙarshen wata, muna da kwamiti a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, muna da matasa masu lissafin falaki da ke muhawara a Facebook kan awa nawa jinjirin ya yi da haihuwa. Najeriya tana da hukumar sararin samaniya, tana da cibiyar binciken falaki a Nsukka, jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato suna da sassan fiziks. Abin da ya rage shi ne madubai 'yan kaɗan, da horo, da wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ga mu idan inuwa za ta ratsa ta kanmu. Na san matsalar tsaro ta sa kwana a daji ya zama abin tsoro a wurare da yawa, amma filin makaranta a bayan gari ma ya isa a fara koyo.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka buga gyara a fili cewa ba watanmu aka harba ba, a shafin da aka buga labarin farko, ba a lungu ba. Idan labarin kimiyya ya zo daga kamfanin dillancin labarai, kafin a fassara a bugo wa wani malamin jami'a waya, minti biyar ya isa. Kuma duk lokacin da hotunan Hera suka fito, a sa wakili ya tambayo abu biyu: nawa ne nauyin Dimorphos, kuma rami aka tarar ko sabuwar siffa. Idan ka ba ni fili a wani makon, zan aiko da lissafin auna nauyin Didymos daga zagayen watansa, mataki-mataki, yadda malaman sakandare za su iya yi da ɗalibansu a kan allo.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin fiziks,
Funtuwa, Jihar Katsina.